Yadda Ake Sa Sifesa A Tayar Motar Daji Ba Tare Da Taya Ta Fice Maka A Hanya Ba

Kusan duk wanda ya canza wa Hilux ko Prado ɗinsa taya zuwa manya sai ya dawo yana cewa in ya murɗa sitiyari har ƙarshe yana jin wani gurrr daga ƙasa, to tayar ce take gugar ƙarfen hannun sama ko jikin chasis. A nan ne ake ce masa ya sa sifesa. Sifesa wani faifan ƙarfe ne mai kauri da ake sawa tsakanin hob, wato ƙarfen da ake ɗaure taya a jikinsa, da rim, ya turo tayar waje kaɗan. In ka sa mai kaurin 30mm kowane gefe, faɗin da ke tsakanin tayoyinka ya ƙaru da 60mm kenan, motar ta ɗan buɗe ƙafa, ta fi zama a kwana da kan gangara musamman in an ɗaga ta sama. Na ɗaura shi ya fi a ƙirga, kuma gaskiya ban taɓa ganin sifesa mai kyau ya karye da kansa ba, duk matsalar da na gani daga wajen ɗauri take, ko datti a bayansa ko notin ciki da babu mai sake waiwayarsa.

Iri biyu ne. Akwai siriri, 3mm zuwa wajen 10mm, wanda kawai zura shi ake yi a kan kusoshin motar a mayar da rim a kai. Akwai kuma mai kauri, daga 25mm zuwa 50mm, shi wannan ana ɗaure shi ne a jikin hob da nasa notin, sannan yana da nasa kusoshin da rim zai hau. Na motar daji wannan na biyun ne, shi zan yi bayani, siririn zan taɓa shi a ƙarshe.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Sifesa guda huɗu ko biyu, da notinansu masu buɗaɗɗen kai
Jak mai kyau da jak-stan, in babu a samu kututturen katako mai kauri, banda bulo don Allah, bulo fashewa yake ba sallama
Waigi na tayoyin da ke ƙasa
Sifanar awon ƙarfin ɗauri, wadda ke yin ƙas in ta kai
Soket 21 na notin Toyota irin Hilux, da soket siriri 19 don notin sifesa yawanci ramin ƙunci gare shi
Burushin waya da sanfefa
Tsumma mai tsafta da ruwan wanke birki, in babu ɗan fetur ya isa amma a bari ya bushe
Gam ɗin noti irin Loctite
Rula ta ƙarfe ko kalifa ta awo
Maka ko farin fenti
Yaro ko aboki da zai taka maka birki

1. KA SAN AWON MOTARKA KAFIN KA JE KASUWA

Abu uku za ka riƙe: yawan kusoshi da tazararsu, faɗin ramin tsakiya, sai irin zaren kusa. Mutane suna kallon na farko kawai su ce ai shida ne ya yi, wlh ba haka bane.

Hilux, Prado, Pajero, L200, Ford Ranger da Patrol Y61 duk 6x139.7 ne, wato kusa shida a kan da'ira mai faɗin 139.7mm. Amma ramin tsakiyar ya bambanta, na Hilux da Prado na kafin 2024 106.1mm, na Ranger 93.1mm, na L200 da Pajero na baya-bayan nan 67.1mm, Patrol 110mm. Land Cruiser 100 da 200 kuwa kusa biyar ne, 5x150, da kusa mai kauri M14x1.5, wato kaurinta 14mm, tazarar zarenta 1.5mm. Navara D40 shida ne amma 6x114.3, ba zai shiga na Hilux ba ko kusa. Wajen zare kuma Hilux da Prado ɗin nan M12x1.5 suke amfani da shi, Patrol Y61 M12x1.25, in ka tura notin wannan a kan wancan zai yi zagaye biyu ya cije, bakanike mai gaggawa sai ya ɗauko dogon bututu ya danne, shikenan zare ya cinye.

Ka nemi sifesan da ramin bayansa ya zauna cif a kan leɓen hob, sannan shi ma yana da nasa leɓen a gaba da rim zai hau. Wannan leɓen shi ke saita taya a tsakiya. Wanda ba shi da leɓe a kan kusoshi kaɗai yake dogaro, in an kauce ko da kaɗan ne za ka ji sitiyari na rawa da ka kai gudun 80 zuwa 100. In motarka mai makullin hob ce a gaba, wanda ake sauka a murɗa da hannu kafin a sa ogzileri kamar Land Cruiser 79, ka tabbatar ramin ya wuce ta kan makullin.

2. KAURI NAWA

Ba a son a wuce buƙata. Duba bayan rim ɗinka za ka ga an buga ET da lamba, wato awon yadda rim ya shige ciki ko ya fito waje, rim ɗin Hilux na kamfani mai inci 17 yawanci ET30 ne, in ka sa sifesa 30mm ya zama kamar ka sa rim mai ET0 kenan. Ga wanda ya tashi daga 265/65R17 ya koma 285/70R17, 30mm ɗin nan yakan isa ya raba taya da ƙarfen hannu. In kana son ka gwada kafin ka saya, jera wasa, wato ɗan zoben ƙarfen nan da ake sawa a bayan noti, a kan kusa uku daidai kaurin da kake tunani, ka sa rim ka ɗan ɗaure, ka murɗa sitiyari ka leƙa, mota na kan jak. Awo kawai fa, ba a tafiya da wasa ko zuwa bakin get ne.

Masu Land Cruiser 79 nasu dalilin daban ne. Tun 2007 da aka faɗaɗa gaban motar don injin V8 ya samu wuri, tayoyin gaba sun fi na baya buɗewa da wajen 95mm, to a cikin yashi mai laushi irin na hanyar Agadez zuwa Dirkou tayar baya ba ta bin sawun ta gaba daidai, tana sarar sabon yashi da gefenta, bayan motar yana ta wutsil-wutsil. Shi ya sa ake sa 50mm a baya kaɗai a bar gaba yadda yake. Amma motar nan in ana loda mata kaya fiye da kima, ni na fi son a yi haƙuri a bar ta.

Wajen saye kuma, ko a Ƙofar Ruwa ne ko Panteka ko ka yi oda daga waje, ka duba a jikinsa ko kwalinsa an rubuta 6061-T6 ko 7075, wato irin alminiyon ɗin, kan kusoshin kuma 10.9 ko 12.9, wato awon ƙarfinsu. Ka ɗora shi a kan gilashi ka danna gefe-gefe, in yana rawa ka ajiye musu abinsu. Kar ka yarda wani ya ce zai zuba maka a narka irin yadda ake zuba tukunya, wancan alminiyon cike yake da ƙananan ramuka a ciki, ba zai ɗauki dukan ramin hanya ba.

3. ƊAGA MOTA

Wuri mai tauri kuma a miƙe. Ja hambirki, sa giya, sa waigi. Sassauta notin taya tun tana ƙasa, ɗaga, sa jak-stan a ƙarƙashin chasis, sannan ka cire tayar ka kwantar da ita a ƙarƙashin motar ko da wani abu zai faru. Ɗaya bayan ɗaya nake yi, ba na ɗaga gefe biyu lokaci guda.

4. WANKE FUSKAR HOB

Nan ne aikin yake, kuma nan ne kowa yake tsallakewa don babu daɗin yi. Fuskar da sifesa zai kwanta a kai dole ta zama ƙarfe tsantsa, babu tsatsa babu busasshen taɓo. Motar da ta sha fadama da damina in ka cire tayarta za ka ga wani jan ɓawo ya zagaye gindin kowace kusa da leɓen hob, in ka sa farce yana ɓantarewa. In ka ɗaure sifesa a kan ɓawon nan zai ji kamar ya ɗauru ram, amma da ka yi tafiya ya sha girgiza da zafin birki sai ɓawon ya niƙe ya zama gari, gurbinsa ya zama sarari, noti ya saki ba tare da ya juya ba ma. Saboda haka goge da burushin waya, bi da sanfefa har sai ya yi ƙyalli, wanke, share da tsumma. Bayan rim ɗin ma haka.

Sai ka duba gindin kusoshi, wasu motocin suna zuwa da wani ɗan siririn kilif kamar wasa mai haƙora a kusa ɗaya ko biyu, wanda kamfani ya sa don riƙe diram ko faifan birki. Cire shi da filaya ka yar, ba shi da wani amfani yanzu, in ka bar shi sifesa zai hau kansa ya karkace. In kuma ɗan sukuru ne ke riƙe da faifan, tabbatar kansa ya nutse bai turo ba.

Tunda ka zo nan, duba kusoshin motar ɗaya-ɗaya. Wadda zarenta ya lalace ko ta siririce a tsakiya alamar an taɓa matse ta fiye da kima ne, canza ta yanzu, kuɗinta kaɗan ne.

5. GWAJI KAFIN GAM

Zura sifesa da hannu. Ya shige har ƙarshe ya kwanta, ba a buga shi da guduma. In ya ƙi shiga ko tsatsa ce ta rage a leɓe ko awon ba naka bane. Ɗaura noti biyu da hannu, sai ka ɗauko rula ka kwantar a fuskar sifesan ta kan kowace kusa ta asali. Abin da kake nema shi ne ko kan kusar ko kan noti ya leƙo ya wuce fuskar.

Ni wannan ne ya taɓa kama ni a farkon farawata. Na sa 25mm a wata Hilux, na ɗaure komai tsaf, muka fita gwaji, ko kilomita biyar ba mu yi ba sitiyari ya fara kaɗawa kamar ana tankaɗe. Da na cire tayar na juya rim, sai ga tabo shida masu sheƙi a bayansa, kowanne kamar girman ƙwayar gero, wato rim ɗin a kan tsinin kusoshi yake zaune bai taɓa fuskar sifesa ba sam. Milimita biyu kacal suka leƙo. Allah ne Ya tsare ba mu hau babban titi ba.

In sun leƙo kana da hanya uku. Yawancin rim na alminiyon yana da ramuka a bayansa tsakanin ramukan noti, in zurfinsu ya fi abin da ya leƙo kuma sun yi saiti da kusoshin, ba matsala. Don ka tabbatar, ɗiga ɗan fenti a kan kowace kusa ka sa rim ka ɗan matse ka cire, in fenti ya fito a bayan rim to yana taɓawa. Hanya ta biyu ka canza zuwa mai kauri, 30mm ko 32mm. Ta uku a yanke kan kusar da giranda, amma a fara sa noti a ciki kafin yanka don in an warware shi ya gyara bakin zaren, kuma a yanka a hankali kar ƙarfen ya yi zafi har ya canza launi. Wannan ita ce ta ƙarshe a wurina saboda ranar da ka gaji da sifesa ka cire, kusoshin sun zama gajeru sai ka sayi sababbi.

6. ƊAURIN CIKI

Cire shi, ka ɗan shafa giris kaɗan a leɓen hob kaɗai don kar alminiyon da ƙarfe su manne bayan an sha ruwa. Leɓe kawai na ce. Giris ko baƙin mai ba ya zuwa kan zare, ba ya zuwa fuskar da za ta kwanta, in ka shafa wa zare mai awon ɗaurin ya tashi aiki don za ka matse fiye da abin da sifana ta nuna.

Ɗiga gam ɗigo ɗaya ko biyu a kan kowace kusa. Shuɗin shi ake iya kwancewa da sifana, jan sai an sa zafi, in takardar da ta zo da sifesan ta faɗi wanda za a sa ka bi ta, in ba ta faɗa ba sa shuɗi. Mayar da sifesa, sa notinan da suka zo da shi, ɓangaren mai tsini yana kallon ciki don ya zauna a ramin. Kar ka sa notin motar na asali a nan, na Toyota mai rim ɗin alminiyon ma wasa gare shi mai faɗi, ba zai zauna ba. Fara da hannu, kana ƙirga zagaye. Kusa M12x1.5 tana son noti ya ci akalla zagaye takwas, M12x1.25 wajen goma, M14x1.5 tara zuwa goma. In bai kai ba tsaya nan.

Yanzu yaro ya taka birki ya riƙe. Ɗaure a tsallake, wannan sai na gabansa ta ɗaya gefen, ba bi da bi ba. Sau uku nake zagayawa, na farko kamar 40 Nm, wato awon da ke jikin sifanar, na biyu 80, na uku cikakke. Cikakken awon yana littafin motarka, na masu M12 irin Hilux da Prado yana tsakanin 100 zuwa 120 Nm, Land Cruiser 200 mai rim ɗin alminiyon 131 Nm. Bindigar iska ta masu faci kar ta zo kusa da wurin nan, haka hawa kan sifana da ƙafa ana tsalle, wanda na san shi ne al'adarmu, an ce sai ta yi ƙiii sannan ta ɗauru, alhali kusar ce take miƙewa.

In babu sifanar awo kuma babu inda za ka ara, ga dabara. Sa dogon hannu a soket, auna santimita 45 daga tsakiyar noti ka yi alama, ka cika jarka mai lita 25 da ruwa ka rataya a kan alamar, hannun yana kwance a miƙe. Nauyin kilo 25 a wannan tsawon yana ba da kusan 110 Nm. In hannun ya sauka ƙasa sai ka sake saita soket ɗin ya dawo miƙe ka sake ratayawa, har sai ya tsaya bai motsa ba. Yana cin lokaci, mutane za su tsaya suna kallonka suna dariya, amma ya fi kintace nesa ba kusa ba.

Da ka gama ja layi da maka daga kan kowane noti zuwa jikin sifesa.

7. MAYAR DA TAYA

Rim ya hau leɓe ya kwanta, notin motar na asali su ne a waje, da hannu tukuna. Juya tayar kana kallon gefenta, in tana lilo akwai abin da bai zauna ba. Sauke mota har taya ta taɓa ƙasa, ɗaure a tsallake da awo ɗaya da na ciki. Na waje ba a sa musu gam.

8. GWAJIN GUGA

Abin da mutane ba sa tsammani shi ne sifesa yana raba taya da ƙarfen ciki amma ya kai ta ga wani wurin. Tunda ta fito waje, in ka murɗa sitiyari da'irar da take yi ta ƙaru, sai ta fara kamo robar madigadi ta baya, ko gefen bamba, ko kunnen chasis da bodi ke zaune a kai. A tsaye a kan siminti ba za ka gani ba. Nemi kwalbati ko ɗan tudu ka hau da taya ɗaya yadda za ta nutse cikin madigadi, murɗa hagu ƙarshe dama ƙarshe, gaba da ribas, wani yana tsugune yana kallo. In roba ce ana iya gasa ta kaɗan a tura ko a datse. In ƙarfen chasis take kamowa to ka rage kauri ko girman taya, ba na ba sabon shiga shawarar yankan wurin. Daga nan a je alaimen.

9. SAKE DUBAWA

Bayan kilomita 50 zuwa 100 sai an sake cire tayoyin duka. Eh, duka, don notin da ke riƙe da rayuwarka yana ɓoye a bayan rim, matse na waje ba ya gaya maka komai game da na ciki. Duba layukan maka, in suna nan a saiti ka ɗora sifanar awo ka ji ta yi ƙas ba tare da noti ya motsa ba. In ɗaya ya juya, gam ɗinsa ya karye, cire shi ka goge ka sa sabo. In ka ga wani baƙin gari ko toka-toka yana fitowa daga gefen noti ko tsakanin sifesa da hob, alminiyon ne yake niƙewa saboda motsi, cire komai ka faro daga mataki na 4. Bayan wannan, duk tafiya mai wahala, irin hawan Mambila ko kwana biyu a hanyar burji mai gargada, in ka dawo ka duba, haka duk lokacin canjin mai.

Sannan ka sa ido a kan boris da boljoyin da tayarod. Turo taya waje kamar ka riƙe bokitin ruwa ne ka miƙe hannu, nauyin ɗaya ne amma kafaɗa ta fi jin jiki, to haka boris ɗin hob yake ji, zai riga lokacinsa mutuwa musamman da 50mm da manyan taya. In mota na kan jak kama taya sama da ƙasa ka girgiza, in ka ji ƙwas-ƙwas ko kana jin wuuu da ke ƙaruwa da gudu, a duba. Kuma ka shirya wa taɓo da tsakuwa a jikin ƙofa, in tayar ta wuce madigadi sai an ƙara roba a baki, in ba haka ba masu babur da ke bayanka za su yi ta yi maka Allah ya isa.

Kar a ɗora sifesa kan sifesa. Kar a sa a gefe ɗaya a bar ɗaya. Siririn da na ce zan taɓa, 5mm kaɗai yana cinye zagaye uku da wani abu daga zaren M12x1.5, don haka in ka sa shi ƙirga zagayen noti, in bai kai takwas ba sai an sa dogayen kusoshi. In kuma dama kana da niyyar canza rim, sayi mai ET0 ko kusa da haka ka huta, tayar za ta fito daidai yadda sifesa zai fito da ita, boris zai ji jiki iri ɗaya, amma babu ɓoyayyen noti shida a kowace taya. A Ostareliya ma doka ba ta yarda a hau titi da sifesa ba sai in kamfanin motar ne ya sa, a Jamus kuma sai mai takardar amincewa, saboda haka in za ka kai motar wata ƙasa ka tambaya tukuna.

Abu na ƙarshe, kafin ka shiga daji gwada safaya a kan sifesan, musamman in ta ƙarfe ce alhali sauran na alminiyon ne, don bayanta daban yake kuma kusoshin da suka leƙo za su iya tokare ta. Soket 19 ɗin nan siriri da hannunsa su zauna a cikin mota tare da jak, in safaya ta ƙi zama sai ka kwance sifesan wannan tayar ka sa ta kai tsaye ka lallaɓa zuwa gari.